Zuwa ga Edita: A ba wa shirin Fear the Walking Dead haƙƙinsa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani shiri mai dogon zango na Amurka da na daɗe ina ƙauna, wato Fear the Walking Dead. Shafinku na nishaɗi ba ya rabo da labarin Kannywood da fina-finan Indiya da na Turkiyya, kuma hakan daidai ne, tunda su jama'armu suka fi kallo. Amma akwai mu masu bin shirye-shiryen gawawwaki masu tafiya, kuma da zarar mun buɗe baki a majalisa sai a ce ai shirme ne, jini ne kawai da ihu. Ni malamin sakandare ne, ina da iyali, kuma ina tashi da asuba, ba zan ɓata darena a kan shirme ba. Zango uku na farko na wannan shiri suna cikin mafi kyawun abin da na taɓa kalla a kan iyali da maƙwabtaka da rigimar ƙasa da ruwa, kuma abin da na zo nunawa ke nan. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya so a faɗa masa yadda labarin ya kaya, ya yi mini afuwa, domin zan faɗi wanda ya mutu da wanda ya rayu.

Shirin reshe ne da ya tsiro daga The Walking Dead, wanda tashar AMC ta fara nunawa a ƙarshen Oktoban 2010, shi kuma daga littafin zane na Robert Kirkman aka ɗauko shi. A wancan babban shirin, ɗan sanda Rick Grimes ya farfaɗo daga doguwar suma a wani asibiti a jihar Jojiya, ya fito ya tarar duniya ta riga ta rushe. Yadda aka yi ta rushe, ba a nuna mana ba. Sai Kirkman da Dave Erickson suka koma baya, suka kai mu birnin Los Angeles a kwanakin da abin ke farawa, lokacin da ake zuwa makaranta, ana cunkoson motoci, ana ta mitar wata mura da ke yawo a gari. An fara nuna shi ranar 23 ga Agustan 2015, mutum miliyan 10.1 suka kalli kashin farko a Amurka, kuma ya ƙare ranar 19 ga Nuwamban 2023 bayan zango 8 da kashi 113. Dokar duniyar ɗaya ce da ta babban shirin: duk wanda ya mutu, ko da ajalinsa ne a kan gado, matuƙar ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba, zai miƙe ya nemi naman mai rai. Mai kallo ya san wannan tun daga farko. Mutanen cikin shirin kuwa ba su sani ba, kuma daga nan zuciya take fara bugawa.

Dubi yadda aka buɗe shi. Wani saurayi, Nick, ya farka a cikin wata tsohuwar majami'a da 'yan ƙwaya suka mayar matattara. Yana kiran budurwarsa Gloria, yana bin jini a ƙasa, har ya tarar da ita durƙushe a kan wani mutum tana cin fuskarsa. Ya fito a guje, riga a buɗe, mota ta buge shi, sai aka ɗaga kyamara muka ga gari lafiya lau, kowa na harkarsa. Mutum na farko da ya ga gaskiya a duk birnin ɗan ƙwaya ne, wanda ko uwarsa ba za ta yarda da shi ba. Shi kansa bai yarda da idonsa ba, ya fi zaton an haɗa masa wani abu a cikin hodar da ya sha. Uwar tasa, Madison Clark, malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandare, kuma a can makarantar kullum yaran da ba sa zuwa ƙaruwa suke yi. Duk malamin da ya taɓa kiran suna da safe ya ji ana ta cewa “ba shi da lafiya” ya san yadda wannan yake. Wani ɗalibi mai suna Tobias, yaro mara abokai, ya zo makaranta da wuƙa a aljihu don ya karanta a intanet cewa abin ya fi ƙarfin mura. Madison ta karɓe wuƙar, ta ce masa da akwai matsala da hukuma ta faɗa. Ana ta tura wani bidiyo a waya na 'yan sanda suna harbin wani mutum a kan babbar hanya yana ƙara tasowa, wasu na cewa haɗi ne. Mu da aka tasa da kiran waya cikin dare a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, aka ce mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha, har wasu suka kwanta a asibiti, mun san irin wannan dare da ba a rarrabe gaskiya da jita-jita.

Wurin da shirin ya kama ni sosai a kashi na biyu ne da na uku. Madison ta koma makarantar bayan an rufe ta, don ta ɗauko wa Nick magani daga cikin ƙwayoyin da aka ƙwace daga hannun ɗalibai, saboda jikinsa ya fara karkarwa yana amai. A can ta gamu da shugaban makarantar, abokin aikinta na shekaru, ya riga ya juya. Sai da ya kusa cinye Tobias sannan ta fasa masa kai da tukunyar kashe gobara. Ta dawo gida, ta kulle kanta a banɗaki, tana wanke jinin da ke rigarta tana kuka a ɓoye kada 'ya'yanta su ji. A daren ne kuma maƙwabciyarsu ta tsallaken titi take ihu wani maƙwabcin ya danne ta, 'yar Madison, Alicia, ta yunƙura za ta fita taimako, Madison ta tare ƙofa da bayanta. Ba ta ce komai mai tsawo ba, ta dai hana. Tun daga wannan ƙofar aka gaya mana wace ce ita.

Sai kuma Susan, tsohuwar maƙwabciyarsu da ta yi renon 'ya'yan Madison, tsaye a bayan shinge tana miƙo hannu ta tsakanin katako. Madison ta zo da guduma. Travis, mutumin da za ta aura, malamin Turanci mai sanyin hali, ya ce kada ta yi, matar nan ba ta da lafiya ne, watakila a samo magani. Ka ga, shi ma ba wauta yake yi ba. Wa zai ɗaga guduma a kan matar da ta goya masa 'ya'ya, alhali tana tsaye da ƙafarta, sanye da kayanta na gida? Da safe mijin Susan ya dawo daga tafiya, ya shigo da jakarsa yana kiran sunanta, ya buɗe hannu zai rungume ta. Sojoji ne suka harbe ta kafin ta cije shi, suka kuma tafi da shi don jininta ya taɓa shi. A babban shirin gawawwakin nan tarin baƙi ne marasa suna. A nan kuwa kowace gawa maƙwabcin wani ce.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan zango na ɗaya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Bayan zuwan sojoji sai aka tsallake kwana tara, aka kulle mu tare da iyalin a cikin unguwar da aka kewaye da shingen waya, birnin kuwa ya faɗi a bayan idonmu. Abin da aka yi mana alkawari ke nan, aka kuma ba mu rabinsa. Sai dai a cikin shingen ne aka ba mu Daniel Salazar, don haka na yafe.

Daniel mai aski ne, ɗan asalin El Salvador, yana da shago da matarsa Griselda da 'yarsa Ofelia. Wanda ya fito a matsayinsa, Rubén Blades, shahararren mawaƙi ne a ƙasar Panama, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1994, ya kuma riƙe ministan yawon buɗe ido daga 2004 zuwa 2009. Travis ya yarda da sojojin, yana gaishe su, yana lallashin maƙwabta su bi doka. Daniel ko kaɗan bai yarda ba. Ya ba Madison labarin yadda, yana yaro, mutanen gwamnati suka zo garinsu suka tafi da wasu, mahaifinsa ya je ya tambaya aka ce kada ya damu za su dawo, kuma suka dawo ɗin, gawawwakinsu a cikin kogin da yake kamun kifi. Ka ji wannan sai tausayinsa ya kama ka. A kashi na gaba sai ga shi ya ɗaure wani matashin soja a kujera, ya baje kayan askinsa, yana yankar fatar hannunsa a hankali don ya faɗi inda aka kai Griselda. Ashe a yaƙin basasar ƙasarsu, wanda ya ci rayuka kusan dubu 75 kafin a yi sulhu a 1992, shi yana cikin masu azabtarwa ne. 'Yarsa ta girma tana zaton ubanta wanda aka zalunta ne. Fuskar Ofelia lokacin da ta ga hannunsa da jini ta fi kowace gawa a shirin tayar mini da hankali.

Daga bakin sojan aka ji cewa akwai umarnin janye dakaru a kuma hallaka waɗanda aka bari. Don su kuɓutar da nasu, Daniel ya buɗe wani filin wasa da aka kulle matattu wajen dubu biyu, ya jawo su kan sansanin sojojin da asibitinsa. Likitoci da marasa lafiya da ba su ji ba ba su gani ba suka hallaka. Kuma da iyalin za su bar unguwarsu, ba su ƙwanƙwasa wa maƙwabci ko ɗaya ƙofa ba, suka bar ƙofar shingen a buɗe. Waɗannan su ne jaruman da aka ba mu mu bi. Na girmama marubutan da ba su wanke su ba.

Zango na biyu ya fara a teku, a cikin jirgin ruwan alfarma mai suna Abigail na Victor Strand, ɗan damfara mai kwat da daɗin baki, wanda Colman Domingo ya fito a matsayinsa tun kafin a fara sa sunansa a takarar kyautar Oscar. Zangon yana da jan ƙafa a tsakiya, ban musa ba. Amma da suka sauka Meziko, a yankin Baja California, sai aka shigo da maganar da ta fi taɓa mai kallo irina. Celia, matar da ke kula da gidan gonar da suka fake, ta tara 'yan'uwa da ma'aikatan da suka mutu a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, tana ciyar da su, tana cewa ba su tafi ba, sun dai canza ne. Mu da muke gaggauta yi wa mamaci wanka, mu sa masa likkafani, mu sallace shi mu kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, babu abin da ya fi mana ciwo a wannan duniyar tasu kamar gawa ta rasa mai rufe ta. Celia ta ɓace hanya, har ta kai ga sa wa mutanen wata majami'a guba don ta kare matattunta. Duk da haka na gane daga inda ɓatan nata ya taso: ta kasa haƙurin rabuwa. In ka cire wa mutane jana'iza da zaman makoki da “Allah Ya jiƙansa”, abin da zai biyo baya ke nan.

Nick kuwa, a wannan rusasshiyar duniya ya samu kansa. Yaron da ya saba kwana a kango, ya saba neman abin da zai kai shi gobe, ya fi kowa iya zama a cikinta. Shi ne ya gano cewa in ya shafe jikinsa da jinin matattu zai iya tafiya a tsakiyarsu ba su kula shi ba, kuma ka ga a idon Frank Dillane, wanda ya fito a matsayinsa, cewa wani sabon maye ne ya samu. A nan dole in faɗi abin da ya sa wannan yaro ya zauna mini a rai. Ina da ƙane da ya faɗa shan maganin tari mai kodin, a shekarun da kwalabensa suka cika kwatocin unguwanninmu, kafin gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Innarmu takan rufe masa tuwonsa a kwano ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta runtsawa sai ta ji ƙarar ƙyauren zaure. Mu da muke zuwa makaranta muna kawo sakamako mai kyau, ba ta da lokacinmu, hankalinta duk yana kan wanda ya ɓace. Alhamdu lillahi ya daina, yanzu yana da sana'arsa da iyalinsa. Amma da na ga abin da Madison ta yi a otal ɗin Rosarito, Inna na gani. Sun samu mafaka a wani otal a bakin teku, da abinci da katanga, an yi yarjejeniya ba a kunna fitila da dare don kada a jawo mutane. Madison ta ji ƙishin-ƙishin cewa an ga wani mai kama da Nick a birnin Tijuana. Ta dawo ta tada janareta, ta kunna babban allon sunan otal ɗin da ake hangowa daga nesa, ko ɗanta zai gani. Alicia ta same ta tana cewa shi fa da ƙafarsa ya tafi, ita kuwa ga ta nan tsaye ba a ganinta. Madison ta kashe fitilar, amma kafin gari ya waye jama'a sun cika bakin ƙofa. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Na daɗe ban ga an nuna ciwon ɗan da ya shiryu, wanda aka manta da shi saboda ya shiryu, kamar yadda Alycia Debnam-Carey, wadda ta fito a matsayin Alicia, ta nuna shi a wannan dare ba.

Travis shi ma ya rasa nasa ɗan, Chris, a hannun abokan banza da ya gamu da su a hanya. Ya bi motarsu yana roƙonsa ya sauko, yaron bai waiwayo ba. Da suka yi hatsari ƙafarsa ta karye, abokan suka harbe shi don ya zame musu kaya. Malamin da ya hana a taɓa Susan, da hannunsa ya kashe samarin nan biyu da duka.

Zango na uku, na 2017, shi ne ƙololuwa, kuma ina ganin ya fi kowane zango na babban shirin. Iyalin sun faɗa wani gandun kiwo kusa da iyakar Amurka da Meziko, mallakar wani tsoho, Jeremiah Otto, wanda ya yi shekaru yana shirin ƙarshen duniya, ya tara makamai da abinci da mabiya. Yana da 'ya'ya biyu: Jake, lauya mai son sulhu, da Troy, wanda muka fara gani yana kashe mutanen da ya kama yana duba agogo don ya san minti nawa gawa ke yi kafin ta tashi. Sai ga Qaletaqa Walker, jagoran 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, ya ce gandun nan ƙasar kakanninsa ce, a tashi. Rigimar ta girmi annobar, an sha zuwa kotu a kanta. Da farko za ka ɗauka Walker ne mugu, domin mutanensa ne suka harbo jirgi mai saukar ungulu da Travis ke ciki, ya mutu tun a kashi na biyu. Sai Nick ya haƙa ƙarƙashin wani tsohon ɗakin ƙasa ya tono ƙoƙon kan mutum. Na mahaifin Walker ne. Jeremiah da abokansa ne suka kashe shi da wasu danginsa shekaru da dama baya, suka rufe maganar. Ga mutanen gandun kuma, akwai mata da yara da tsofaffi da ba su san komai ba, ba su kuma da wurin zuwa. Duk wanda ya zauna a yankin da manomi da makiyayi ke jayayya a kan burtali da mashaya ya san irin wannan shari'a, wadda kowane ɓangare ke da kabarin da zai nuna maka.

Sulhun da aka yi, da kan Jeremiah aka saye shi. Madison ta je ta ajiye masa bindiga ta ce ya kashe kansa, ya ƙi, Nick ya harbe shi, ita kuma ta kai wa Walker kan a cikin jaka. Ɓangarorin biyu suka zauna tare, kowa na harare. Sai aka gano ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kusa ƙarewa. Aka fara rabon ruwa da ma'auni, ana zargin juna da ɗiba sau biyu, aka ɗauko bindigogi a bakin rijiya. Ana cikin haka Alicia ta ga wani iyali daga mutanen Walker suna haƙa a wani busasshen wuri da suke sa ran akwai ruwa. Ta ɗauki shebur ta shiga ramin. Nick, wanda ya taho da 'yan gandun don kai hari, ya tsaya yana kallonta, ya ajiye makaminsa ya je ya kama. Ɗaya bayan ɗaya mutanen ɓangarorin biyu suka bi. Babu jawabi, babu wa'azi, ƙarar shebur ce kawai da ƙura. Ita wannan Alicia, yarinyar da annoba ta tarar ba ta gama sakandare ba, ita ce daga baya ta maƙale da jama'a a rumbun ƙarƙashin ƙasa iska na ƙarewa, ta roƙi waɗanda aka ciza su fito da kansu don sauran su samu numfashi, suka fito, ta yi musu allurar barci ta gama da su da hannunta.

A zangon ne kuma aka yi wani kashi kusan gaba ɗaya da Sifaniyanci, a tashar Amurka, a lokacin da aka fi kallo. Daniel, wanda muka ɗauka ya ƙone a gidan Celia, ya ɓullo a Tijuana da ƙuna a jiki, ƙishirwa na neman kashe shi. Wani bawan Allah, Efraín, ya kai shi wani famfo da ke kawo ruwa sau ɗaya a mako, ya yi jinyarsa. Ruwan garin duka yana hannun wani mutum, Dante, da ya mamaye madatsar ruwa yana jefa duk wanda ya saɓa masa daga samanta. Da Dante ya gane ko wane ne Daniel a da, sai ya ɗauke shi aiki, ya sa shi azabtar da Efraín ɗin da ya shayar da shi. Daniel ya riga ya faɗa wa Efraín cewa mutanen da ya kashe sun kusa ɗari, ya nemi a yafe masa. Mutum yana son tuba, amma abin da ya iya kaɗai shi ake nema a wurinsa. A ƙarshe ya juya bindigar kan Dante, ya durƙusa gaban Lola, ma'aikaciyar da ke sace ruwan tana ba talakawa.

Madison fa? Kim Dickens ta yi ta da fuska a ɗaure, ba ta neman mai kallo ya so ta. Ta san Troy ne ya kashe wani iyali da suka yi yunƙurin barin gandun, ta rufa masa asiri don tana da amfani da shi. Ta faɗa wa 'ya'yanta cewa tana yarinya ta harbe mahaifinta mashayi saboda dukan da yake wa uwarta. Ba na goyon bayan rabin abin da ta yi. Amma na yarda da ita a matsayin mutum, kuma ga dukkan alamu shirin yana kan hanyar mayar da ita azzalumar da wasu za su ji tsoro, mu kuma mun san yadda aka yi ta zama haka. Zangon ya ƙare Nick ya tarwatsa madatsar, ruwa ya kwarara wa jama'ar gari.

Daga nan aka sauya hannu. Erickson ya tafi bayan zango na uku, a zango na huɗu, na 2018, Andrew Chambliss da Ian Goldberg suka karɓa, aka ɗauko Morgan Jones daga babban shirin, aka koma Teksas, har launin hoton aka dusashe. Aka kashe Nick a kashi na uku, domin Dillane da kansa ya nemi tafiya. Aka kawar da Madison a kashi na takwas, ita kuwa Dickens ta faɗa a fili cewa ba zaɓinta ba ne. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau ina ganin an katse labari ne ana tsakiyar ba da shi. Zango na biyar ya yi rauni, mutane suna ta maimaita cewa suna son taimako, har da tafiya a balan-balan mai siffar kwalbar giya.

Abin da ya hana ni barin shirin shi ne John Dorie, wanda Garret Dillahunt ya fito a matsayinsa. Tsohon ɗan sanda ne da ya taɓa harbin wani ɗan fashi a ƙafa, mutumin ya zubar da jini ya mutu, gari na yabonsa shi kuwa ya kasa yafe wa kansa, ya koma wata bukka a bakin kogi shi kaɗai. Yana goge bindigoginsa biyu amma ba ya harbawa. Yana wasan Scrabble, na haɗa haruffa su zama kalma, shi da kansa. In ya je shagon da babu kowa ya ɗauki fim, sai ya rubuta sunansa a takardar aro, ya kuma dawo da shi. Wata rana kogi ya kawo masa wata mata da rauni a ciki, ya yi jinyarta, ta ƙi faɗin sunanta, ya sa mata Laura. Ya bar mata gado ya koma barandar waje, ya koya mata kamun kifi, yana yi musu gugguru su kalli fim. Da ta warke ta tafi da asuba, ta bar masa saƙo da haruffan wasan nan cewa ita ma tana sonsa, ya yafe mata. Kashi guda ne, na biyar a zango na huɗu, kusan mutum biyu kawai a cikinsa, kuma ya isa a kalle shi shi kaɗai. A zango na shida, wanda ya farfaɗo da shirin sosai, wata yarinya da John ke ƙoƙarin ceto ta harbe shi ya faɗa kogi, ruwa ya kai shi bakin bukkar nan ya riga ya juya, kuma matar, wadda sunanta na gaskiya June, ita ta same shi, ta gama da shi, ta haƙa masa kabari.

Abin da ya biyo baya, makaman nukiliya daga jirgin ƙarƙashin teku, da hasumiyar Strand, da dawowar Madison a ƙarshen zango na bakwai, na kalla ne don amana. Na ji daɗin ganin uwa da 'ya sun sake haɗuwa a kashin ƙarshe, ko da yake hanyar da aka bi aka kai can ba ta gamsar da ni ba.

Malam Edita, ban ce kowa ya kalla ba. Akwai jini da yawa, akwai shan giya, akwai kuma wuraren da suka saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu, don haka ni ba na kunna shi sai yara sun yi barci, kuma ina ba iyaye shawarar haka. Tashin matattu a cikinsa ƙagen marubuta ne, babu mai hankalin da zai haɗa shi da abin da muka yi imani da shi na ranar alƙiyama. Roƙona gare ku shi ne ku riƙa ware ko da rabin shafi ne a wata don sharhin irin waɗannan shirye-shirye, domin matasanmu suna kallonsu a waya ko an yi sharhi ko ba a yi ba, kuma gara su samu mai nuna musu abin dubawa a ciki. Ga wanda zai fara kuma, zango na ɗaya kashi shida ne kacal, ba sai ya kalli babban shirin ba kafin ya gane shi. Ya dai tabbata wanda aka tura masa yana da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, domin daga zango na biyu zuwa na uku ana yawan magana da Sifaniyanci, kuma mafi yawan maganganun Daniel masu nauyi da harshen ya yi su.

Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Tudun Wada, Zariya.